Fitilar tsohuwar Peugeot 504: a ina wutar ke zubewa kafin ta kai ga ƙwai?

Duk mai riƙe da Peugeot 504 a yau ya san ba inji ne ke ba shi ciwon kai ba. Injin nan in dai ana ba shi baƙin mai da ruwa, sai dai mai shi ya gaji. Dare ne ke tona asirin shekarun motar. Da rana ka gan ta fes, an wanke an goge, amma da magariba ta yi aka murɗa makunni sai fitilun su kawo wani haske ja-ja wanda da ƙyar yake nuna maka rami kafin ka faɗa cikinsa. An fara fitar da wannan mota a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Nijeriya (PAN) da ke Kakuri a Kaduna kuwa, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta. Ke nan ko autar cikinsu ta doshi shekara 20, da yawa kuma sun haura 40. Wayoyin da ke jikinta da soket-soket ɗinta da makunninta duk shekarunsu ke nan, sun sha ƙurar hunturu, sun sha laimar damina, sun kuma sha hannun masu gyara iri-iri.

Abin da aka saba yi sananne ne. A sayo sabon ƙwai. In haske bai ƙaru ba a sayo mai ƙarfin wat 100. In soket ya narke a yanke shi a murɗa wayoyin da hannu a naɗe da salatif. Daga ƙarshe wani ya jawo waya kai tsaye daga batir ya huda dashbod ya maƙala makunni irin na ɗaki. Kowane mataki a cikin waɗannan yana ƙara ɓata motar, alhali babu wanda ya tsaya ya tambayi inda wutar ke tsayawa. A tsohuwar mota, sau da yawa ƙwan lafiyarsa ƙalau. Wutar ce ba ta isa gare shi cikakkiya, ko kuma tana isa ta rasa hanyar komawa.

Hanyar da wutar ke bi

Wuta ba ta aiki sai ta yi zagaye. Tana fitowa daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya ta shiga cikin mota, ta ratsa makunnin fitila da ke jikin sitiyari, ta bi ɓangaren da ke zaɓa tsakanin dim da ful, ta sake fitowa gaban mota ta shiga soket, ta ratsa siririn zaren da ke cikin ƙwai. Rabin tafiya ke nan. Sauran rabin kuwa ba a ja masa doguwar waya ba. Daga ƙwan akwai 'yar gajeriyar waya da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen motar, ƙarfen ne ke ɗaukar wutar ya kai ta inda aka ɗaure babbar wayar batir mai alamar ɗebewa. Wannan 'yar wayar bodi, wadda ba kasafai ake ko kallon ta ba, ita ce ke jawo kaso mai yawa na matsalolin fitila, domin tana zaune ne a bayan fitila inda ruwa da laka ke taruwa, kuma an ɗaure ta ne a kan ƙarfen da ke tsatsa.

Ƙwan H4, wanda shi ne a yawancin motocin nan yanzu, zare biyu gare shi a cikin gilashi ɗaya: na dim mai wat 55, na ful mai wat 60. Ƙafafunsa uku, ɗaya ta dim, ɗaya ta ful, ta ukun kuma ta komawa ce da zaren biyu suke tarayya a kanta. A riƙe wannan tarayya, za mu dawo kanta. Ƙwai biyu na dim wat 110 ke nan, a kan bolt 12 suna jan wajen amfiya 9. A motocin wancan zamani da dama, duk amfiya 9 ɗin nan ta cikin 'yan ƙananan tagullan da ke cikin makunni take bi, babu rile (wani makunni da wuta ke kunnawa, mai ɗauke wa na sitiyari nauyi) a tsakani. Lokacin da motar take sabuwa hakan bai dami kowa ba.

Kowace mahaɗa da ke kan wannan hanya tamkar shinge ne a kan titi: direba ba ya wucewa sai ya ajiye wani abu, kuma da yake shingayen suna da yawa, kafin ya isa kasuwa ribar ta tafi. Mahaɗa mai tsabta kusan ba ta karɓar komai. Wadda ta yi tsatsa ko ta saki tana karɓa da yawa. A ɗauka dukan mahaɗun layin sun tara turjiyar da ba ta wuce om 0.2 ba (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta), abin da ƙaramar mitar awon wuta ma ba ta iya auna shi daidai. In amfiya 9 ta bi ta nan, bolt 1.8 ya tafi. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, na ba da bolt 13.8, ƙwai na samun 12. A ido kamar ba wani abu ba ne, amma hasken ƙwai mai zare ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, faɗuwa yake yi da sauri: in wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske na raguwa da wajen kashi 30. A misalin nan namu, sama da kashi ɗaya cikin uku na hasken ya salwanta. Wutar da ta ɓata kuma ba iska ta bi ba, zafi ta zama, wajen wat 16, a daidai wuraren da suka lalace. Shi ya sa za ka zaro soket ka ga robar gefen ƙafa ɗaya ta yi ruwan ƙasa ta kumbura, sauran biyun kuwa lafiya lau. Zafin yana sassauta maƙallin tagullan, sassaucin yana ƙara turjiya, turjiyar tana ƙara zafi.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa ƙwan wat 100 yake ƙara dagula lamarin. Biyunsu suna jan sama da amfiya 16. Zafin da ke taruwa a mahaɗa kuwa ba ninki ɗaya yake bin wuta ba, in wuta ta ninka biyu shi ninki huɗu yake yi. Saboda haka makunnin da yake ɗumi-ɗumi da ƙwan wat 60 zai ɗauki zafi kusan ninki uku. Makunnin 504 na asali kuwa ba abu ne da za ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa ka tabbata za ka fito da mai kyau ba.

Motar tana faɗin inda ke mata ciwo

Kafin a taɓa sukudireba, a tsaya gaban motar a kunna dim, a kunna ful, a lura. Abin da ido ya gani yana rage rabin aikin, saboda layin a haɗe yake daga batir zuwa makunni, sannan ya rabu gida biyu zuwa dama da hagu. Matsalar da ta shafi ɓangare ɗaya tana bayan rabuwar. Wadda ta shafi duka biyu tana gabanta.

In ido ɗaya ne ya mutu a dim amma yana kawowa a ful, mai yiwuwa zaren dim ne ya tsinke, ko ƙafar dim ta soket. Musanya ƙwan dama da na hagu zai raba gardama cikin minti biyu ba tare da an kashe ko sisi ba. In ido ɗaya ya mutu a dim da ful gaba ɗaya, da wuya a ce zare biyu sun tsinke rana ɗaya, sai a nufi abin da suke tarayya a kai, wato wayar bodi. In kuwa idanu biyu ne suka ɗauke dim lokaci guda ful yana nan, a bar gaban mota a koma makunni. Akwai dai wata 'yar zamba a nan: mutum kan yi makonni yana yawo da ido ɗaya a cikin gari bai lura ba, sai ranar da na biyun ya mutu ya ce duka biyu suka ɗauke tare. Don haka ko a nan ma a duba ƙwayayen.

Alamar da ta fi rikita mutane ita ce wannan. An kunna dim, ido ɗaya tas, ɗayan kuma ya yi ja kamar zai mutu, sannan 'yar fitilar ful mai launin shuɗi da ke dashbod tana ɗan haske kaɗan alhali ba a sa ful ba. Wani ma in ka leƙa cikin ƙwan za ka ga zaren biyu duk sun yi ja. Mai mota zai ce wayoyi sun haɗe, a warware wayarin duka. Babu abin da ya haɗe. Wayar bodin wannan idon ce ta saki. Wuta ta shigo ta zaren dim, ta zo ƙafar komawa ta tarar hanya a toshe, sai ta juya ta bi zaren ful da baya, ta fita ta wayar ful, ta tsallaka ɗaya idon, ta ratsa nasa zaren ful, ta sauka ta wayar bodinsa mai lafiya. Zare uku ke nan suke raba bolt 12 a jere, ga kuma 'yar fitilar dashbod da ke rataye a layin ful tana samun ɗan rabonta. Maganin duk wannan rikici noti ɗaya ne: a kwance shi, a goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, a goge kan wayar, a ɗaure tam, sannan a shafa girisi a kai don kada ruwa ya koma. Irin wannan ne kuma ke sa a kunna sigina a ga fitilar gefe tana ƙifta ido tare da ita.

Motar da aka yi wa sabon fenti ta fi kowace faɗawa wannan tarko. Mai fenti ya fesa har cikin gidan inji, an mayar da wayar bodi a kan fenti, noti ya ɗauru da kyau, amma tagulla ba ta taɓa ƙarfe ba.

In fitilu suna ɗaukewa su dawo in an faɗa gargada, ko kuma sai an ɗan riƙe sandar makunni a wani wuri kafin su tsaya, tagullan cikin makunnin ne suka ci wuta. A bar fitila a kunne minti goma a taɓa murfin da ke bayan sitiyari. In ya yi ɗumi, ko ana jin ƙaurin roba, an samu wurin.

Awo, da yadda mita ke yaudara

A nan ne ake gane mai gyaran da ya san aikinsa. Da yawa za su zare soket daga ƙwai, su soka mita a ciki, ta nuna 12.4, su juyo su ce, "Alhaji, wuta na zuwa, ƙwan ne." A sa sabon ƙwai, haske na nan yadda yake. Dalili shi ne mita irin ta zamani kusan ba ta jan wuta ko kaɗan. Ko da silin tagulla ɗaya tak ya rage a cikin wayar, ko mahaɗar ta cika da kore-koren tsatsa, mitar za ta nuna cikakken bolt, saboda asara ba ta bayyana sai wuta tana gudu. Layin da ba ya ɗauke da kaya ba ya nuna gazawarsa. Fitilar gwaji mai ƙaramin ƙwai ta ɗan fi mita a nan tunda tana jan wani abu, amma ita ma abin da take ja bai kai na babbar fitila ba.

Awon gaskiya ana yin sa ne ƙwai yana cikin soket, fitila a kunne, inji yana aiki. Da farko a auna kan batir. Mota a kashe, batir mai cikakken caji yana nuna wajen 12.6. Inji yana aiki an ɗan ba shi wuta, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5 ko da fitilu a kunne. In bai kai haka ba, matsalar ba ta layin fitila ba ce tukuna, a duba bel ɗin altaneta ko ya saki, a duba altanetar kanta, a duba kawunan batir. Motar da fitilarta ke dushewa sosai a silo ta washe in an taka totur, nan ne ciwonta.

In caji lafiya, sai a koma auna asarar kanta. A sa jan tsinken mita a kan batir mai alamar tarawa, a kan dalmar kanta ba a kan maƙallin ba. Baƙin tsinken kuma a soka shi ta bayan soket ya taɓa ƙafar dim. Ga wanda bai saba ba abin zai yi kama da shirme, tunda duka wuraren biyu wuta ce. To ai shi ne amfaninsa: mitar tana nuna bambancin da ke tsakaninsu, wato daidai abin da hanya ta cinye. Layi mai lafiya bai kamata ya ci fiye da rabin bolt ba. A tsohuwar motar da ba a taɓa gyara mata layi ba, ganin 1.5 ko 2 ba abin mamaki ba ne. Daga nan a auna ɓangaren komawa: tsinke ɗaya a ƙafar komawa ta soket, ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa. Nan kuma abin da ya wuce 0.2 ya fara yawa.

In ɓangaren wuta ne ke da asarar, sai a bi ta da ƙafa. Jan tsinke yana nan a kan batir, baƙin kuma a riƙa matsar da shi baya mahaɗa bayan mahaɗa: inda wayar ta fito daga makunni, inda ta shiga makunni, gidan fiyus in layin ya bi ta can, har zuwa kusa da batir. Inda lambar ta faɗi warwas tsakanin wuri biyu, abin da ke tsakaninsu shi ne mai laifi. In a mafitar makunni mita ta nuna 1.4, a mashigarsa ta nuna 0.3, makunnin shi kaɗai yana cin 1.1. Ba a yanke waya ko ɗaya ba, ba a sayi komai ba. Peugeot ta saba sa wa wayoyinta lamba maimakon dogaro da launi kaɗai, saboda haka in aka goge ƙurar da ke kusa da bakin waya sau da yawa lambar tana nan, kuma tana taimakawa a gane wayar da ta shiga nan ita ce ta fito can. Wannan ma wani dalili ne na ƙin yarda a datse kawunan wayoyin asali.

Mafi yawan abin da ake tararwa ba ya wuce uku. Ko maƙallin tagulla da ya buɗe baki, wanda filaya za ta matse shi ya koma kama ƙafar ƙwai da ƙarfi. Ko tsohon ɗauri da wani ya murɗa da hannu shekaru da suka wuce, in ka warware salatif ɗin ka tarar tagullar ta yi baƙi ta yi kore tana marmashewa. Wannan sai a yanke har inda tagulla take ja, a haɗa da dalma ko a matse da maƙalli na gaske. Ko kuma wayar da ta karye a cikin rigarta, waje lafiya ciki saura sili biyu, galibi a inda take lanƙwasa kusa da soket. In ka ja ta a hankali ka ji tana miƙewa, robar ce kaɗai ta rage.

Masu Volkswagen Beetle da tsohuwar Mercedes suna da nasu ƙarin wurin dubawa. Fiyus ɗinsu irin mai tsini biyu ne da ke zaune tsakanin maƙallai, fari na amfiya 8, ja na 16. Fiyus ɗin yana iya zama bai ƙone ba amma tsininsa ya yi tsatsa. Juya shi a mazauninsa sau biyu uku yakan dawo da fitilar nan take, abin da ke nuna wurin yana son gogewa. A Beetle kowane ido da nasa fiyus na dim da na ful, don haka mutuwar ido ɗaya tana iya zama daga can.

Fiyus da ke ƙonewa, da ƙwan da ba ya daɗewa

Fiyus ba ya ƙonewa don ƙeta. In ya ƙone an sa wani ya sake ƙonewa, akwai inda wayar wuta ke taɓa ƙarfe. Naɗa masa silin waya ko takardar sigari, ko sa wanda ya fi shi girma, yana nufin an mayar da wayarin motar gaba ɗaya ya zama shi ne fiyus ɗin, kuma wayarin da ya kama wuta a bayan dashbod ba ya ba da lokacin neman ruwa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ɗauki tsohon ƙwan babbar fitila mai zare ɗaya da rai, a haɗa masa waya biyu, a maƙala shi a gurbin fiyus ɗin, a zare ƙwayayen layin. Muddin wayar tana taɓa ƙarfe ƙwan gwajin zai haska sosai, kuma shi zai tare wutar kada ta yi ɓarna. Sai a bi damin wayoyin ana girgiza su kaɗan-kaɗan. Inda aka taɓa hasken ya ɗauke, nan ne. A fara da inda wayoyi ke ratsa ƙarfen da ya raba gidan inji da cikin mota, domin robar da ke kare su a ramin tana bushewa ta faɗi, bakin ƙarfen ya yi ta cin rigar waya a hankali. Sai gefen lagireto, da ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga. Ba kowace tsohuwar mota ce ma aka sa wa manyan fitilunta fiyus ba, a irin waɗannan kuwa alamar farko hayaƙi ce. Duk lokacin da za a kwance makunni ko a yi ɗauri, a fara cire kan batir mai alamar ɗebewa, a kuma cire zobe da agogon ƙarfe.

Ƙwan da ke mutuwa duk bayan 'yan makonni kuma labarinsa daban. Yadda ƙarancin wuta ke rage haske, haka yawanta ke rage kwana: ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai yana iya raba rayuwar ƙwai biyu. In mita ta nuna 15 ko fiye a kan batir an taka totur, na'urar da ke daidaita caji ta lalace, kuma za a ga batir ma yana yawan shanye ruwa. In caji daidai ne, a duba ko gidan fitilar yana rawa a mazauninsa, ko ruwa na shiga. Gilashin ƙwan halojin, irin su H4, kuma ba a kama shi da yatsu, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima. Sauran kuwa ingancin ƙwan ne, kasuwa cike take da na jabu a cikin kwali mai kyau.

Rile

Bayan an tsabtace komai, gyaran da nake ganin ya cancanci kuɗinsa a kowace tsohuwar mota shi ne a sa rile biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful. Rile makunni ne da wuta ke kunnawa. Abin da yake buƙata don ya kama bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ɗaya ba, amma yana iya wuce da amfiya 30. Ke nan tsohon makunnin sitiyari ya huta, daga ɗaukar amfiya 9 ya koma aika saƙo kawai, babbar wutar kuma ta bi gajeriyar hanya daga batir zuwa fitila ba tare da ta shiga cikin mota ta fito ba.

Ƙafafun rile suna da lambobi a jikinsu, kuma a yawancin rile lambobin iri ɗaya ne. Lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir, ta waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da fiyus na amfiya 15 ko 20 a kusa da batir ɗin sosai, ba a can ƙarshen waya ba, tunda aikinsa kare wayar ne. Lamba 87 ta tafi ga fitilun biyu. Lamba 86 ta karɓi tsohuwar wayar dim ko ta ful da ta fito daga makunni. Lamba 85 ta tafi bodi. Kowane rile da nasa fiyus. Masu son sauƙi sukan haɗa su a kan fiyus ɗaya, ranar da ya ƙone a kan hanyar Zariya da dare kuwa dim da ful za su tafi tare. A ɗaure rile ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki, nesa da zafin salansa. A kuma ja wa kowane ido sabuwar wayar bodi mai kauri ɗaya da ta wutar, domin an sha ganin wanda ya kashe kuɗi a kan rile ya bar tsohuwar wayar komawa yadda take, ya ce rile ba ya aiki.

Ba sai an yanke wayarin asali ba. Ana iya ɗaukar saƙon daga tsohon soket na ido ɗaya ta hanyar soka masa maƙallai, ɗaya soket ɗin a naɗe shi a ajiye. Duk ranar da aka so mayar da motar yadda kamfani ya yi ta, zarewa kawai za a yi. Mai tsohuwar Toyota dai ya yi hattara da kwafar wannan tsari kai tsaye, domin da yawa daga cikinsu makunnin yana katse ɓangaren komawa ne ba ɓangaren wuta ba, haɗin rilensu ya bambanta.

Game da ƙwayayen LED da suka cika kasuwa, ra'ayina a kansu bai da daɗi. Gaskiya ne ba sa jan wuta da yawa, saboda haka suna ɓoye matsalar layi. Amma madubin da ke cikin fitilar 504 an ƙera shi ne don ya tattara haske daga siririn zare da ke zaune a wuri ɗaya ƙayyadadde, kuma a cikin ƙwan H4 akwai 'yar garkuwa a ƙarƙashin zaren dim da ke yanke hasken kada ya tashi sama. Yawancin LED masu araha ba sa fitar da haske daga wannan wuri. Direba yana ganin fari fat a gabansa da kan bishiyoyi ya ɗauka ya samu haske, nesa kuwa babu, wanda ke tahowa kuma an kashe masa ido.

In mita ta nuna ƙwai yana samun sama da 13 amma hasken bai gamsar ba, aikin lantarki ya ƙare, saura gidan fitilar. Gilashin tsofaffin motoci ba ya yin rawaya irin na roba, amma madubin ciki yana dushewa ko ya yi tsatsa daga ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Rufin da ke sa shi ƙyalli siriri ne ƙwarai, goga shi da tsumma yana share shi ne gaba ɗaya, don haka wanda ya mutu sai canji. A kuma tabbata ƙwan ya dace da mazauninsa. Fitilun farko-farko an yi su ne don tsohon ƙwai mai wat 45 da 40 wanda gindinsa ya bambanta da na H4, in aka tura H4 da ƙarfi aka danne da waya zai kama, amma zaren ba ya inda madubi ke nemansa. Wajen sayen gidan fitila na hannu kuma a lura da ƙasar da ya fito. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, fitilar da aka yi don ƙasashen da ke bin hagu, irin su Ingila da Kenya, tana ɗaga haskenta ne ta ɓangaren da zai shiga idon mai tahowa.

Saiti shi ne na ƙarshe. A tsayar da motar a wuri mai shimfiɗa, mita 10 daga bango, tayoyi da iskarsu daidai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi a bangon a wannan tsayi. A kunna dim, a rufe ido ɗaya da kwali a saita ɗayan. Inda hasken ya yanke ya kamata ya sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da layin. Motar da ke yawan ɗaukar kaya a but, kamar wagon da ke jigila, a saita ta da kayan a ciki, domin in baya ya zauna gaba ɗagawa yake yi.